Shimfiɗar Gado Na Bakwai

Gwaggo, yayar mahaifina, ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoye hakan. In ka sayo mata magani sai ta juya kwalin ta duba ranar lalacewarsa, ta duba murfi, sannan ta ɗago ta dube ka kamar kai ka haɗa shi a bayan ɗaki. In baƙo ya cika fara'a, yana juya baya za ta ce, "Wannan da abin da ya kawo shi." Shekara talatin da huɗu ta yi tana aikin asibiti, shi ya sa duk unguwa Nas ake ce mata, har yaran da ba su taɓa ganin ta da fararen kaya ba.

Mijinta kuma Baba Bakwai muke ce masa. Baƙi kan ɗauka 'ya'ya bakwai gare shi, alhali ko ɗaya Allah bai ba su ba. Lambar gadon da ya kwanta ce a asibiti lokacin yaƙi, ta bi shi har tsufa. Mai gyaran keken ɗinki ne, dogo, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma ko kaɗan bai iya musu ba. Yatsu uku na hannun daman Gwaggo a ƙage suke, ba sa miƙewa, don haka shi ke wanki, shi ke guga, shi ke ɓalle mata maɓallin riga. Abu ɗaya ne aka haramta masa a gidan, gyaran gado.

Na gano haka ne da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa makarantar garinsu, na tare a ɗakinsu na baya. Wata safiya Baba Bakwai ya ja zanin gado ya miƙar da gefe ɗaya, kafin ya zagaya ɗaya gefen Gwaggo ta shigo. Ta fizge zanin, ta watsar da bargon ƙasa, ta tsaya tana kallon sa. Shi kuwa ya mayar da hannuwansa baya kamar ɗalibin da na kama yana satar amsa, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi shago.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ƙaunar tsohon nan.

"Gwaggo, wannan wane irin wulaƙanci ne? Mutum yana taimakon ki?"

"Ke Malama, ki tsaya a kan allonki."

Ban tsaya ba. Na yi ta nacin tambaya har kusan wata biyu, sai wata la'asar da ruwan sama ya hana mu fita ta gaji da ni ta buɗe baki. Gundarin maganar shi ne, ta shekara talatin tana aure da mutumin da ba ta tabbatar ba ko shi ya ba da ita ga abokan gaba.

Tana da shekara ashirin da shida garinsu ya faɗa hannun sojojin ƙetaren kogi, waɗanda mutane ke kira 'yan hayi. Namu suka ja da baya cikin kwana biyu, likitoci suka bi su. Aka bar asibitin a hannun nas huɗu da wani tsoho mai amalanke da ke kwashe shara da gawa. 'Yan hayi suka karɓe ɗakunan gaba suka zuba nasu majinyatan. Ɗaki guda suka bar wa mutanen gari, na can ƙurya kusa da mutuware, wato ɗakin masu tarin fuka, don tsoron cutar suke kamar me. Ko hafsansu, wani siriri mai tauraro biyu da Gwaggo ke yi wa allura kowace safiya saboda gyambon ƙafa, iyakarsa bakin ƙofa, da hankici a hanci.

Sun kafa doka cewa duk wanda ya ɓoye sojan namu ya kuka da kansa, kuma ba jira suke a kawo musu rahoto ba, tarko suke ɗanawa. An taɓa kawo wani da yanka a kafaɗa, ya raɗa wa ƙawar Gwaggo, wadda suke ɗaki ɗaya tun makarantar koyon jinya, cewa shi namu ne. Ta ɓoye shi a sito. Kwana uku aka zo aka tafi da ita, shi kuwa ya fito daga siton yana dariya da sojojin, har ɗayansu ya kunna masa sigari. Ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Mako biyu bayan haka mai amalanke ya turo wani mutum a ƙarƙashin buhunan shara.

"Nas, a bakin kwata na tsince shi. Ya ce manomi ne."

Gwaggo ta duba tafin hannunsa, ta duba kafaɗarsa ta dama inda gindin bindiga ke barin tabo, ta duba ƙafafunsa da suka yi fari saboda daɗewa cikin takalmin soja.

"Manomi," ta ce. "To sannu da noma."

Harsashi ne a cinya, ya kwana uku, har ya fara wari. Raunin na gaske ne, amma ai na wancan ma na gaske ne, kuma mutanen da suka iya yanka nasu a kafaɗa harbin cinya ba zai gagare su ba. In ta kai rahoto kuma namu ne, ta kashe rai. In ta ɓoye shi kuma tarko ne, ta bi ƙawarta. Sai ta yi dabara irin tata. Ta cire harsashin, ta ɗinke, ta rubuta shi a matsayin mai tarin fuka, ta kwantar da shi a gado na bakwai, kuma ta ƙi tambayar sa ko shi wane ne. Abin da ba ta ji ba, ba za a ce ta ɓoye ba.

"Duk sanda ya buɗe baki zai gaya mini wani abu," in ji ta, "sai in cusa masa ma'aunin zafi."

Ashe shi ma bai yarda da ita ba. Ta tagar da ke kansa yana hango ta kowace safiya ɗauke da tiren allura ta nufi ofishin hafsan, wani lokaci har ya jiyo dariyar mutumin. Ran nan tana juya katifa sai ƙwayoyi suka zubo, goma sha ɗaya cif.

"Kai Na Bakwai, wannan ajiyar fa? Kanti za ka buɗe?"

"Ban san abin da ke cikinsu ba, Nas."

"Da kashe ka nake so da ban ɓata zarena a cinyarka ba."

"Wataƙila da rai suke so na."

Ta ɗauki guda ta haɗiye a gabansa ba ko ruwa, ta ci gaba da aikinta. Ta ce har la'asar yana bin ta da ido ya ga ko za ta faɗi, sannan ya yarda ya sha nasa.

Da na tambaye ta yaushe ta fara son sa, sai ta harare ni kamar na zage ta. Daga baya ta saki kaɗan-kaɗan. Rishon da take dafa allurai ya lalace, ya gyara mata yana kwance, da cokali da guntun waya. Tsohon gado na shida ba ya iya juyawa, shi ke miƙa hannu ya gyara masa filo. Ta zauna koya masa tarin masu fuka don kada a gane shi, ya yi ta yin wani abu kamar haushin kare, har majinyatan da ba su da numfashin dariya suka dara. Sai ta tsinci kanta tana shan shayinta ba sukari, tana ƙulle sukarin a takarda ta kai masa.

"Amma duk sanda na ji daɗin ganin sa," ta ce, "sai in tuna wa kaina, ai wancan ma haka ya yi wa ƙawata."

A mako na biyar ya fara iya tsayuwa ba a riƙe shi ba. Washegari da safe, bayan ta gama yi wa hafsan allura, sai ya ce zai leƙa ɗakin ƙurya, alhali ba ranar zagayensa ba ce. Tana gaba yana biye. Ta tura ƙofa.

Gado goma sha biyu ne a ɗakin, sha ɗaya a yamutse kamar yadda gadon mara lafiya yake. Na bakwai kuwa an ja zaninsa ya miƙe tamkar fuskar tebur. Bargo an yi masa ninki uku a ƙafar gado, jan layinsa yana kallon ƙofa, an ɗora filo a kai. Takalman roba na asibiti suna ƙarƙashi a jere, dunduniya a haɗe. Mai gadon yana zaune a kujerar ƙarfe a gefe, tafukansa a kan gwiwa.

Gwaggo ta san wannan shimfiɗar. Kafin gari ya faɗi sojojinmu ne suka cika asibitin, kuma duk wanda ya iya tashi a cikinsu haka yake gyara gadonsa. 'Yan hayi kuwa naɗe bargo suke kamar tabarma su ajiye a wajen kai. Ta san bambancin, kuma ta san wanda ke bayanta ya fi ta sani. Ta ce abu na farko da ta ji daɗi ne, ashe dai namu ne. Na biyun shi ne, ya kashe mu.

Ta sunkuya ta ɗauki kwanon tofin gado na ɗaya, ta taka da sauri, ta yi tuntuɓen ƙarya ta kifar da shi a kan gado na bakwai. Ta hau yaye zanin tana faɗa, tana ɗora wa tabarmar ƙasa laifi. Hafsan yana bakin ƙofa da hankicinsa, bai motsa ba.

"Nas, wa ya gyara wancan gadon?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Kin iya aiki," ya ce, ya juya ya tafi.

Ba ta jira ganin abin da zai biyo baya ba. Da safen nan mai gado na uku ya cika, kuma da azahar ake kai gawa maƙabarta. Ita da mai amalanke suka naɗe Na Bakwai a zani suka kwantar da shi a gefen mamacin. Kafin ta rufe masa fuska ta kasa haƙuri.

"Me ya sa ka yi haka?"

"Wallahi Nas ban san na yi ba. Gani na yi kawai ina zaune, gado a gyare."

"Mutum ya ninke bargo har uku bai sani ba?"

Mai amalanke ya ɗaga hannun amalankensa, ya tura suka tafi.

Shinge uku ne tsakanin asibiti da maƙabarta, kuma ba a taɓa wuce su duka ba tare da wani soja ya ɗaga zani da bakin bindiga ba. Ran nan ko ɗaya bai ɗaga ba. Tsohon ya dawo yana murna, yana cewa Allah ya rufe musu ido, mutumin ya shige rake ya nufi kogi. Gwaggo ta ce ita jikinta sanyi ya yi, don ba ta san 'yan hayi da wannan sakacin ba.

Washegari suka zo suka ɗauke ta. Wata bakwai ta yi a hannunsu, a can aka datse mata yatsu da ƙofa don ta faɗi wanda ya taimaka mata, kuma ba ta ambaci mai amalanke ba. Amma ba hannun ne ya fi yi mata ciwo ba. A mako na farko hafsan ya zo da kansa, ya zauna yana shafa gyambonsa.

"Nas, kada ki wahalar da kanki. Mutumin naki tun da daɗewa yake ci a hannunmu. Cewa muka yi in ya tabbata ke ce mai ɓoye sojojinku, ya gyara mana gado."

Yana iya zama ƙarya ce don ya karya mata zuciya ta yi magana. Yana iya zama gaskiya, don kowa ya san akwai sojojinmu da aka kama suka koma yi musu aiki. Me ya kai hafsan ɗakin ƙurya a ranar da ba tasa ba? Me ya hana a ɗaga zani? Wata bakwai tana juya waɗannan tambayoyin, ba ta da wani aikin.

Yaƙi ya ƙare, ta koma asibiti, ta koyi yin allura da hannun hagu. Bayan shekara ɗaya da rabi sai ga wani dogo da sanda yana tambayar nas ɗin ɗakin ƙurya. Da ya ga hannunta ya zauna a ƙasa a gaban mutane ya yi kuka. Ita kuwa ta tsaya a kansa tana duba ko kukan na gaske ne. Wata huɗu bayan haka aka ɗaura musu aure.

"To Gwaggo, kina zargin mutum, kuma kika aure shi?"

"Ina son sa, ya kike so in yi? Kuma in ma shi ne, gara yana inda nake ganin sa."

"Kin gaya masa abin da hafsan ya ce?"

"In gaya masa don ya shirya amsa? Na sake tambayar sa sau ɗaya, ya maimaita abin da ya faɗa a amalanke. In gaskiya ce haka zai ce, in ƙarya ce ma haka zai ce."

Shi dai a tunaninsa, don gadon ne ya jawo mata asarar hannu shi ya sa ba ta son ganin ya taɓa shi, kuma yana ganin ta yi daidai. Na ce mata ta zalunce shi. Na ce wane maci amana ne zai dawo da ƙafarsa ya yi shekara talatin yana wanke mata kaya? Ta ce wanda abin ke ci a rai. Duk hujjar da na kawo tana da tata a ajiye, don ta riga ni tunanin da shekara talatin. Abin kunyar shi ne ni ma sai da ta shafa mini. Na yi makonni in na ga Baba Bakwai yana wasa da masu kawo gyara sai in ce a raina, wannan sauƙin kan bai yi yawa ba kuwa? In ya yi shiru a kan abinci in ce me yake tunawa? Na ji haushin kaina, na ji haushin Gwaggo, daga baya na kama hayar ɗaki kusa da makaranta, ina zuwa gaishe su duk Asabar.

Shekara goma sha ɗaya bayan wannan hirar mantuwa ta kama shi. Da farko ya kwance keken wata mata ya kasa mayarwa. Sannan ya fara ɓata a layin da ya shekara arba'in yana bi. A ƙarshe ya daina gane mu, ya koma ɗaukar gidan asibiti ne. Cokali ma sai an gyara masa riƙo. Yakan dubi Gwaggo da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, yaushe za a sallame ni?" Ita kuma ta ce sai likita ya zo. Da hannu ɗaya da rabi take masa komai, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Wata Asabar na zo da safe, Gwaggo tana kicin tana ɗora ruwan wankansa. Na nufi ɗakin zan buɗe masa taga, sai na tsaya cak a bakin ƙofa. Na koma da sanɗa na taɓa ta, ta biyo ni da butar a hannu.

Yana tsaye a gefen gado. Idonsa ba a kan gadon yake ba, yana can wajen bango, bakinsa a ɗan buɗe kamar yadda ya saba zama a kwanakin nan. Hannuwan da suka kasa maɓalli suka ja zani suka soke shi ƙarƙashin katifa. Suka ɗauki bargo, ninki ɗaya, biyu, uku, suka juya shi layin ya kalli ƙofa, suka ɗora filo. Ƙafarsa mai ɗingishi ta tura takalmansa ƙarƙashi, dunduniya a haɗe. Sannan ya zauna a kujera, tafukansa a kan gwiwa.

Na saci kallon Gwaggo. Har a lokacin ta ƙanƙance ido tana neman inda wasan yake, don hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Ta daɗe tana nema. Can ya waiwaya ya ga gadon, ya yi ta kallon sa da mamaki, sannan ya dube mu.

"Wa ya gyara wannan?"

Gwaggo ta miƙo mini butar, na karɓa. Ta shiga ta durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ɗan Adam ba.

"Kai ne, Na Bakwai. Kai ka gyara, ba ka sani ba." Ta kama hannunsa. "Ka yafe mini."

Ya dube ta da fara'ar nan tasa da ta shekara arba'in tana zargi.

"Me kika yi mini, baiwar Allah? Ai yau na fara ganin ki."

Na fita na bar su, don kuka ya ci ƙarfina, kuma har yau ban san ko tausayinta ne ya fi yawa ko haushinta ba.

Wata biyar ya ƙara a duniya, kuma ba ta sake yamutsa masa gado ba. Wasu ranakun ya gyara, wasu ranakun hannuwan ma su manta. Kullum takan sake neman gafararsa, kullum ya tambaye ta ko ita wace ce.

Bayan rasuwarsa na koma ɗakin baya da zama. Har yanzu tana duba kwalin magani in na sayo, tana kuma duba ni. Sai dai kowace safiya takan kira ni ɗakinta, don ninki uku ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Ta ba ni bakin bargon guda, ta riƙe guda.

"A'a Malama, juya shi," takan ce. "Layin ya kalli ƙofa."